Mutanen Laouali

Laouali direban gida ne, sawwaƙ kamar yadda aka rubuta a iƙamarsa, takardar izinin zamansa a Saudiyya, kuma duk wanda ya san aikin ya san tuƙin ba shi da yawa. Jira ne aikin. Shekara goma sha bakwai ya yi a Riyad yana yi wa gida ɗaya hidima. In da za a auna, uku ya yi yana tuƙi, sauran sha huɗun yana zaune cikin mota a ƙarƙashin wani dogon bene a Ulaya, yana jiran Madam ta gama zaɓen takalmi. Shekarar da aka ba mata izinin tuƙi, abokansa suka fara yi masa jaje tun ba a sallame shi ba. Madam ta karɓi makulli wata Talata, ta zaga unguwa sau ɗaya, ta dawo ta miƙa masa ta ce, "Yalla, Laouali." Ba a ƙara ta da maganar ba.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gobir, can bayan Maraɗi. Ya haura hamsin, matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce, 'yarsa ɗaya tana ɗakin miji a gida. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya gardamar siyasa. Namijin da ba ya ko ɗaya a cikin ukun nan, a bincika da kyau, akwai abin da yake yi. Na Laouali zakuna ne.

Bai taɓa ganin zaki ido da ido ba. A ƙauyensu ko kura sai a tatsuniya. Wata rana ce yana jiran Madam, yatsansa ya zame a kan waya, sai ga wata mota marar rufi tana ratsa ciyawa a wani gandun daji na Afirka ta Kudu. Ashe sana'ar waɗansu ce. Kullum da safe, da kuma bayan la'asar, su fita neman namun daji, duk abin da suka gani su nuna wa duniya kai tsaye. Turanci suke yi, Laouali kuma ba ya ji. Bai dame shi ba, tun da su ma zakunan ba sa ji.

Da farko ya zaci zaki zaki ne, kamar yadda buhun gero yake buhun gero. Wata uku bai cika ba ya gane gida-gida ne. Gidan kuma na mata ne, uwa da 'ya'yanta da ƙannenta, a nan ake haifarsu, a nan suke mutuwa. Maza baƙi ne. Da geza ta fara tsiro wa yaro a wuya sai a nuna masa hanya, ya bi daji da 'yan'uwansa, su yi ta gararamba har ƙarfinsu ya kawo. Daga nan su nemi gidan da mazansa suka tsufa, su kore su, su zauna. Shekara uku ko huɗu, waɗansu su zo su yi musu yadda suka yi wa na baya.

Sunayen da masu motar suka sa musu ba su zauna a bakinsa ba, sai ya raɗa nasa. Akwai Gidan Kogi, inda Iya mai yagaggen kunne take uwar kowa. Akwai Baba Tsoho, wanda ya riƙe gidan shi kaɗai bayan mutuwar ɗan'uwansa. Akwai waɗansu samari huɗu daga tudu, Gurgu da Mai Tabo da Dogo da Auta. Da ɗige-ɗigen da ke tushen gashin bakinsu yake rarrabe su, don kowane zaki da irin nasa, ba ya canzawa har ya mutu. Kakarsa haka take yi da mutane ranar kasuwa. Ta dubi tsagar fuskar baƙo, ta faɗa masa garinsu da gidansu tun bai gama sallama ba.

Juma'a ce ranar hutunsa. In an sauko daga masallaci sai ya nufi unguwar Shumaisi, shagon Rabilu tela, wani Bakano mai bakin da ba ya hutawa ko da allura a cikinsa. Nan Hausawa suke taruwa, na Nijar da na Najeriya, a ci tuwo, a zagi zafin garin. Kowa da labarin da yake kawowa, na kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, na iyali, na ciwon baya. Laouali labarin Gidan Kogi yake kawowa. Tun ana yi masa dariya har aka saba, har gaisuwarsa ta zama daban da ta kowa. Da ya cire takalmi sai Rabilu ya ce, "Na-Maraɗi, ya mutanenka?"

Shi kuma ya amsa da gaske, "Lafiya lau. Iya ce dai take ɗingishi."

Shekara biyar ana haka. A shagon nan in aka ce mutanen Laouali, ba mai bukatar a ce masa zaki.

Tuwon na Juma'a Safiatou take yi. Bazawara ce mai shekara arba'in da ɗoriya, tana aikin shara a wata makarantar 'yan mata, tana zaune wurin yayanta. Daga ƙofa take miƙo kwanuka, daga ƙofa take karɓa. Kowa yakan mayar mata da nasa miya ta bushe a jiki. Na Laouali kaɗai yake dawowa a wanke. Namijin da yake wanke kwanon da ba nasa ba, ko waliyyi ne ko akwai magana a bakinsa, Safiatou kuwa ta san waliyyai sun yi ƙaranci. Ta jira. Shekara biyu abin da ya iya faɗa mata shi ne, "Miyar ta yi." A ta uku ya ƙara da cewa, "In babu wani a gaba, ina ciki."

Ta ce, "Ka je ka ga Yaya."

Yayan nata, Alhaji Saidou, yana riƙe da rumfar albasa a kasuwar Aziziya. Bagobiri ne na ainihi, tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, kuma yana iya jera maka kakanninsa tara ko ba ka tambaya ba. Laouali ya je ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafin Saidou ya gama gyaran murya har Laouali ya ƙirga tsagar, don sabo. Saidou shi ma ya dubi fuskar Laouali, sumul kamar bayan faranti, ya ce, "Madalla. Za mu bincika."

To bincike a gida abu ne mai sauƙi. A tura tsohuwa ta je garin su yaro kamar mai cigiyar akuya, kafin azahar ta dawo da labarin wanda ya taɓa hauka a dangi da wanda ya taɓa sata. A Riyad ba garin zuwa. Sai dai ka nemi waɗanda suke cin kwano ɗaya da mutum. Kuma ba a faɗin dalili, zagawa ake yi.

Saura kwana tara Salla, Saidou ya zo shagon Rabilu. Rabilu na kan keke, allura biyu a baki, ɗinkin mutum arba'in a wuyansa, ba shi da labarin neman aure, don Laouali bai gaya wa kowa ba. Saidou ya shafa yadi, ya yaba zare, ya yi maganar zafin bana. Can ya ce, "Wannan Laouali da yake zama nan, ka san mutanensa kuwa?"

"Wa bai san mutanen Laouali ba?" in ji Rabilu, ko ɗagowa bai yi ba. "Shekara biyar muna shan labarinsu. Ni har mafarkinsu nake yi."

"Wane irin gida ne?"

"Babban gida, sun fi ashirin. Amma fa Alhaji, matan ne suke fita nema. Mazan na kwance gindin bishiya, ƙafa a sama. In an kawo su za su fara ci, abin da suka rage mata da yara su lasa."

Saidou ya saki yadin da ke hannunsa. "Mazan ba su da sana'a?"

"Barci. Sai faɗa."

"Babu babba a gidan da zai tsawatar?"

"Baba Tsoho? Ai tun bara aka kore shi. Waɗansu 'yan'uwa huɗu ne suka haɗa kai, su Gurgu da Mai Tabo, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka gaje matan duka."

"Duka? Su huɗun?"

"Su huɗun. Yaran da aka haifa bana ba wanda ya san wane na wane ne. Laouali kaɗai yake ƙoƙarin rarrabewa, da kamannin fuska."

"Inna lillahi. Salla fa? Suna salla?"

Rabilu ya cire allura ɗaya don ya sami wurin dariya. "Kai Alhaji, ashe kai ma kana barkwanci. Su Gurgu ne za su yi salla?"

"Shi Laoualin me yake cewa a kan wannan hali?"

"Shi? Son su yake yi kamar ransa. Safe da yamma sai ya leƙa su a waya, in bai gan su ba ko abinci ba ya ci."

Saidou ya fita da takalmin hagu a ƙafar dama, bai lura ba sai a bakin titi.

Washegari saƙon murya daga Saidou ya shigo wayar Laouali yana ƙarƙashin benen nan na Ulaya. Gajere ne. Sallama, sai "Allah ya haɗa kowa da rabonsa," sai sallama. Ya saurara sau biyu, ya ce amin, ya ajiye wayar. Bai kira ya tambayi dalili ba, don a ganinsa ya san dalilin.

Shi fa a ƙauyensu duk sa'o'insa suna da tsaga, shi kaɗai ne ba shi da ita. Wanzami ba ya tsaga jariri sai dangin uba sun zo sun ce ga irin tasu. Ranar sunan Laouali ba wanda ya zo. Tun yana yaro ya san in aka tona nan za a tarar, kuma ga shi an tona. Juma'a uku bai je Shumaisi ba. Rabilu ya yi ta kira yana tambaya ko wani abu ya sami Iya.

Safiatou ce ba ta haƙura ba. Ta tambayi yayanta dalili, ya ce abin ba ya faɗuwa. Ta sake tambaya, ya ce ta gode wa Allah da ya tsare ta. A karo na uku ta ajiye masa tuwo ba miya, ta zauna a gabansa ta ce, "Yaya, ni ba budurwa ba ce. Bazawara ba a ɗaura mata a ɓoye, ba a kuma kwance mata a ɓoye. In mutumin banza ne, a faɗa a gabansa ina ji."

Ita ta kira Laouali da kanta, ta ce ya zo rumfar Yaya ranar Alhamis bayan la'asar. Ya roƙi Madam sa'a biyu, ya zo. Suka zauna a bayan rumfa tsakanin buhunan albasa, Saidou a kan kujera, Laouali a kan kwali, Safiatou a tsaye daga gefe cikin abayarta.

"Malam Laouali, ban so mu kai ga haka ba, ita ta matsa," in ji Saidou. "Na ji labarin mutanenka."

"Na sani, Alhaji." Idonsa na ƙasa. "Ba don ha'inci na yi shiru ba. Ba a tambaye ni ba ne."

"Ashe gaskiya ne gidan mata ne suke riƙe da shi?"

"Gaskiya ne."

"Tsohon kuma ba ya gidan?"

"Ba ya nan. Ba mu san inda ya ƙare ba."

Saidou ya dubi ƙanwarsa, irin kallon nan na kin ji da kunnenki. Ya ci gaba. "Su kuma 'yan'uwan nan huɗu, su Gurgu, har yanzu suna nan a kan matan?"

Laouali ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon tsagar Saidou. Da yake mutum ne da ba ya son a bar kuskure a lissafin zuri'a, sai ya ce, "Uku ne yanzu. Ɓauna ta soke Auta ranar Lahadi."

"Ɓauna? A Gobir?"

"A'a, Alhaji. A Afirka ta Kudu."

Ya zaro waya. Lokacin fitar yamma ne, kuma Allah ya sa motar tana tsaye daidai kan su. Ya miƙa wa Saidou da hannu biyu. Ga wani ƙato nan ya yi rigingine a inuwa, ciki a waje, ƙafa ɗaya a sama, ƙuda na yawo a hancinsa.

Saidou ya kai wayar kusa da ido, ya nesanta ta, ya sake kawowa. "Wannan ne Gurgu?"

"Shi ne."

"Shi ya sa ba ya salla."

Safiatou ta juya baya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta kaɗai suke motsi. A nan da maganar ta ƙare, da Laouali ya shige cikin dariyar ya fita fes. Amma mai sayar da albasa ya saba ɓare abu har ciki, kuma namijin da ya ji kunya a gaban ƙanwarsa sai ya nemi inda zai huce. Saidou ya mayar masa da wayar ya ce, "Tsaya. Kafin mu zo kan ɓauna, tambaya biyu na yi maka ka amsa cewa haka ne. Kanka a ƙasa. Ba don wannan dabbar ka sunkuyar da kai ba."

"Ba don shi ba ne."

"To ina ji. Naka mutanen, masu ƙafa biyu."

Laouali ya kife wayar a kan gwiwa. Ya ce ubansa baƙo ne, ɗan cin rani, ya zo ƙauyensu ya auri uwarsa. Shekarar yunwa, tana da ciki wata bakwai, ya ce zai je Kurmi ya nemo abinci. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba gawa. Danginsa ba wanda ya san garinsu.

"An ɗaura auren?" in ji Saidou.

"An ɗaura. Wanda ya raba goron yana nan da rai, sai dai ba ya gani. Sunan ubana Abdou. Iyakar abin da na gada ke nan. Ta wajen uwa kuwa ina iya kai ka nesa. Zouera ta haife ni, ita 'yar Mariamou ce, Mariamou 'yar Zuhura mai man gyaɗa, Zuhura 'yar Turai, wadda aka haƙa rijiyar garin a gonarta. Su da ƙannensu suka yi noma, suka yi daka, suka ciyar da ni. Sai dai a namu gidan yaro yake fara ci."

Saidou yana ta shafa kuncinsa, gefen bakwai ɗin.

Safiatou ta matso ta ce, "Malam, ba ni wayar nan." Ta juya ta, ta dubi Gurgu, wanda har yanzu bai sauke ƙafar ba. "Yaya, wannan ai na san shi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina fita nema ina kawo masa, shi yake fara ci. Kai ka bincika min shi. Kakanni nawa ka ƙirgo masa a lokacin?"

"Bakwai," in ji Saidou, murya ƙasa.

"Bakwai. Ko ɗaya a cikinsu bai taso ya wanke min kwano ba."

Wani mai ɗaukar kaya ya leƙo yana tambayar inda zai sauke buhu, Saidou ya daka masa tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa. Da ya juyo sai ya ce, "Makahon nan mai rabon goro, akwai mai waya a gidansa?"

"Jikansa na da ita."

"Ba ni lambar."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren a Maraɗi, wakili da wakili, su kuma suna Shumaisi sun kewaye waya suna amsa Fatiha, muryar liman tana yankewa tana dawowa. Sharaɗi ɗaya amarya ta kafa, in an ajiye abinci a kife waya, ko da Iya ce take haihuwa. Saidou bai ƙara kai wa Rabilu ɗinki ba, amma yana zuwa cin tuwon Juma'a, kuma tun da shi ma cutar asali a jininsa take, ba a jima ba ya fara jan kujera kusa da surukinsa. Yanzu gardama suke yi a kan 'ya'yan bana. Saidou ya rantse na Mai Tabo ne, ga goshin nan. Laouali ya ce goshi ba hujja ba ne, kuma uku a cikinsu mata ne, za su zauna a gidan ko na wane ne.

Juma'ar farko da Laouali ya dawo shago bayan biki, yana cire takalmi Rabilu ya ɗago daga kan keke, allura a baki, ya ce, "Ango, Na-Maraɗi, ya mutanenka?"

Laouali ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Ya ce, "Waɗanne?"